Amsa ga mai tambaya kan ajiye mota a koma takawa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce likita ya umarce ka da ka riƙa takawa saboda jininka ya fara hawa, amma kana jin nauyin ajiye mota kada a ce karayar arziki ce ta same ka. Bari in ba ka nawa labarin.

Ni ba don lafiya na fara ba, aljihu ne ya tilasta min. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A Gandun Albasa nake zaune, shagona kuma yana Kantin Kwari. Wata safiya na lulluɓe motar, na kamo hanya a sayyada: Gidan Murtala, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, na miƙe titin IBB har kasuwa. Ranar farko na isa jiƙe sharkaf da gumi, ina haki kamar wanda aka koro, sai da yaron shagona ya miƙo min kujera yana dariya a ɓoye. Yanzu minti arba'in da ɗoriya nake yi. Wanda kuwa ya san cunkoson bakin Kwari da yamma, da wahalar neman wurin fakin, ya san mai mota ba ya riga ni da wani abin kirki.

Bayan kamar wata uku sai na ga ana ƙara zuge tazugen wando. Teɓa ta saɓe, ciwon bayan da zaman shago ya jawo min ya lafa, barci kuwa ina sallar isha'i yake ɗauke ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 take so baligi ya motsa jikinsa a mako, ka ga zuwa biyu da dawowa ya biya. Amma kada ka daina shan maganinka sai likitan ya ce.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne mutane. Shekara da shekaru ina wuce wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu ta gilashin mota, sai dai hon da ɗaga hannu. Yanzu nakan rusuna mu gaisa a dakalin ƙofar gidansa, ya ce “Ɗana, yau ma a ƙasa?” ya bi ni da addu'a. Ta nan na ji rashin lafiyar matarsa, na je dubiya. Da a mota ne, sai dai in ji rasuwa daga baya.

Maganar mutane kuwa, za a yi ta. Satin farko sai da aka tsaya min sau uku, “Alhaji, lafiya? Motar fa?” Har gida aka aiko tambayar uwargida ko sayarwa muka yi. Ka amsa da fara'a ka wuce, bayan wata guda sun gaji. Biyu daga masu tambayar ma yanzu tare muke fitowa.

Sai dai ka yi dabara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana taɓa digiri 40, don haka ka fito da sassafe, da rana tsaka ka hau adaidaita ba kunya. Da hunturu ka sa takunkumi saboda ƙura. Ka bi gefen da kake fuskantar ababen hawa, domin 'yan tireda sun cinye gefen titi, ga kwatocin da ba murfi. Silifas ba na wannan tafiyar ba ne, ni sai da ya yi min kanta kafin na sayi kambas. Ka fara da masallaci da cefane na sati biyu, sannan ka gwada hanyar wurin aikin. Wace unguwa kake? In hanyarmu ɗaya ce, ƙarfe bakwai nake wucewa ta Gidan Murtala.