Darasin Turanci a zaure ɗaya: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Kafin Hausa a jihar Jigawa. Bayan la'asar nakan tara yara a zauren gidanmu in yi musu darasin Turanci kyauta. Akwai 'yan firamare, akwai 'yan ƙaramar sakandare, ga kuma samari huɗu da Turanci ya kayar a WAEC suna son sake zama. Ina rubuta musu dokokin nahawu da jerin kalmomi a allo, su kwafa, su haddace. Amma da an miƙa musu shafi ɗaya a ce su karanta, sai su yi cirko-cirko. Littattafanmu ba su da yawa, wutar lantarki kuma babu. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani.

Abin da za ka fara gyarawa shi ne rabon ɗaliban. Kada ka raba su da aji ko da shekaru, domin a karkara ba abin mamaki ba ne ka sami ɗan aji uku na sakandare yana karatun ɗan aji huɗu na firamare. Turawa suna da ma'aunin iya harshe mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda suka fitar a 2001, amma kai hawa uku ya ishe ka, kuma gwajin ba ya cin minti uku. Ka zaɓi sakin layi mai kalma ɗari daidai, yaro ya karanta a bayyane, kai kana ɗiga alama a duk inda ya yi tuntuɓe ko ya kasa faɗin ma'ana. Tuntuɓe biyu ko ƙasa da haka, wannan rubutun zai iya karanta shi shi kaɗai. Uku zuwa biyar, sai da kai a gefensa. Ya haura biyar, rubutun ya fi ƙarfinsa, a sauko da shi ƙasa ko da gemu gare shi. Ka yi gwajin ɗaya bayan ɗaya a keɓe, don kada babba ya ji kunya a gaban ƙannensa ya daina zuwa.

Masu hawan farko, wato na can ƙasa, ba nahawu ne matsalarsu ba, haɗa baƙi da wasali ne. Kafin komai ka duba ko yaron yana karanta Hausa. In bai iya ba, fara da ita. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin rubutun boko na Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma yaron da ya gane cewa harafi sauti yake wakilta ya riga ya yi rabin tafiya. Sai dai ka gaya masa gaskiya cewa Turanci ba ya cika wannan alkawari. Haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa sun kai 44. Harafin a na Hausa bakinsa ɗaya, amma na Turanci daban yake fita a cat, da cake, da car, da call. Harafin c da yaro ya sani a "ci" da "ciki" ya koma k a cup, ya koma s a city. Saboda haka kada a tsaya ga rera A, B, C. A koyar da sautin, a haɗa kalmomi masu haruffa uku irin su pot, bag, sit, kamar guda goma a mako, sannan a nuna yadda e na ƙarshe yake sauya wasali: hat ya zama hate, not ya zama note, bit ya zama bite.

Akwai sautuka kaɗan da harshen Bahaushe yake karyewa a kansu, kuma gara a kama su tun yanzu don suna dawowa a jarrabawar furuci ta WAEC. Na farko p da f. Mu f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa pan da fan suke zama abu ɗaya a bakinmu. Ba yaro guntuwar takarda ya riƙe a gaban bakinsa. In ya ce pan daidai, leɓɓa a rufe sannan su fashe, takardar za ta yi tsalle. In fan ce, haƙoran sama ne za su hau leɓen ƙasa, iska ta zirara a hankali. Haka b da v a ban da van. Na biyu, cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wanda shi ya mayar da bread burodi, brake burki. A Hausa daidai ne, a Turanci kuskure ne, don haka a riƙa jan sautin s a haɗe shi da na gaba: stop, school, spoon. Bambancin sit da seat kuwa, ko full da fool, kada ka wahalar da kanka da dogon bayani. Tambaye su bambancin gari da mutane suke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo. Kunnensu ya riga ya san gajeren wasali da dogo.

Yanzu nahawu, inda na ga ƙarfinka ya fi tafiya a banza. Yaro zai iya rera maka ma'anar noun tiryan-tiryan, ya juya ya rubuta Audu he go to farm yesterday. Haddar doka daban, iya aiki da ita daban. Kuma kurakuran ɗan Hausa ba barkatai suke ba, kusan dukkansu Hausa ce sanye da rigar Turanci. In ka san tushensu, sai ka san abin da za ka yi ta maimaitawa.

Dubi wannan jimlar ta Audu. Mu cewa muke "Audu ya tafi", suna da wakilin suna tare, shi ne yaro ya kawo Audu he. Sannan a Hausa aikatau ba ya sauya kama saboda lokaci, wakilin suna ne yake ɗaukar nauyin: na tafi, ina tafiya, zan tafi. A Turanci aikatau ɗin ne da kansa yake rikiɗa, go ya koma went ya koma gone. Yaron ya ga ya riga ya sa yesterday, to me kuma ake nema? Maganinsa tebur a allo mai gida uku: masu aiki a gidan farko, aikatau a na biyu, lokaci a na uku. Kai ka nuna da sanda, su kuma su haɗa jimla da baki, da sauri, kamar ashirin cikin minti biyar, sannan kowa ya rubuta biyar game da abin da ya yi jiya da gaske. Aikatau masu bauɗewa irin su go da eat da buy sun kusa ɗari biyu, amma kada ka zube musu duka. Biyar a mako, waɗanda ake bukata kullum, a cikin jimla.

Wani wurin da ko manya suke zamewa: "na gan shi" tana ɗaukar I saw him, tana kuma ɗaukar I have seen him. Ƙa'idar da za ka ba su gajeriya ce. In an ambaci lokacin da ya wuce, jiya ko bara ko makon jiya, to have ba ta shiga. Shi ke nan an kashe I have seen him yesterday.

Kalmomin "a" da "the" kuwa mutane suna cewa babu su a Hausa, alhali muna da abin da ya yi kusa da su. Rubuta a allo: "Na sayi akuya. Akuyar ta haihu." Ka ja layi a ƙarƙashin r ɗin nan ta ƙarshen akuyar. Ita ce the. Ambaton farko a goat, na biyu the goat. Ba ko'ina suke dacewa ba, amma wannan misalin ya fi shafi biyu na bayani. Daga nan sai kalmomin da ba sa karɓar jam'i, advice, information, furniture, equipment, waɗanda muke liƙa wa s saboda mu muna cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki.

Batun kalmomi, jerin da kake rubutawa a allo yana da aibi biyu: kalma tana zuwa tsirara ba jimla, kuma ana ganinta sau ɗaya a wuce. Tun 1953 wani masanin koyar da Turanci, Michael West, ya tsara jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma irin waɗannan su ne kimanin kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Su za a fara kamawa, ba manyan kalmomin burga na masu muhawara ba. Ka sa a tattaro kwalin sabulu ko na shayi, a yanka kamar faɗin katin waya. Gaba a rubuta kalmar cikin gajeriyar jimla, baya a rubuta ma'anarta da Hausa. Kowane ɗalibi ya nemi gwangwanin madara uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar kasuwa kawai, wato mako-mako. Katin da aka ci ya haura gwangwani na gaba, wanda aka faɗi ya dawo na farko ko daga ina yake. Wannan dabara Sebastian Leitner ne ya yaɗa ta a Jamus a shekarun 1970, kuma hikimarta ita ce kalma ta dawo maka daidai lokacin da take shirin kuɓucewa. Sababbin kalmomi biyar a rana sun isa. In aka yi kwana biyar a mako, cikin mako arba'in an haɗa dubu.

A riƙa koyon kalma da abokiyar tafiyarta. Mu "sha" ɗaya muke yi wa ruwa da magani da wahala, Bature kuwa drink water, take medicine, suffer. "Yi" ɗinmu ta rabu biyu, do da make, shi ya sa ake jin do mistake maimakon make a mistake. "Ara mini" ita ta haifi borrow me, alhali mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa ne yake borrow. "Ji" kuwa ta fi kowa 'ya'ya: hear, feel, smell, understand. Ga 'yan hawa na biyu da na uku sai ka ƙara da dangin kalma. Yadda noma ya ba da manomi, ɗinki ya ba da maɗinki, haka farm ya ba da farmer, kuma agree ya ba da agreement da disagree. Kati ɗaya, kalma uku.

Ka ce littattafai sun yi kaɗan. To ƙauyen cike yake da Turanci, ba a dai kallonsa a matsayin darasi. Buhun taki, robar maganin feshi da aka wanke sarai, takardar cikin kwalin magani, katin rigakafin yara, saƙon banki a waya. Shake well before use darasi ne na umarni. Take two tablets three times daily after meals darasi ne na ƙidaya da lokaci, kuma wanda ya iya karanta shi ya amfani gidansu tun a daren. Bayan haka kai da kanka ka rubuta gajerun labarai na layi takwas zuwa goma a kan abin da suka sani, ranar kasuwa, ambaliyar damina, cirar gyaɗa, da kalmomin da suke cikin gwangwanayensu. A karanta kowane labari sau uku: na farko a zuci don a san inda ya dosa, na biyu da tambayoyi, na uku a bayyane kana duba agogo. Adadin kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya ka rubuta a bayan littafinsa duk wata, ya ga ci gabansa da idonsa. Kuma a hana buɗe ƙamus a karatun farko. Mai tsayawa a kowace kalma kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Wata al'ada da nake roƙon kada ka ɗauko daga makarantun gwamnati ita ce tarar "banakula". Yaron da ake ci wa tara don ya yi Hausa ba Turanci yake koya ba, shiru yake koya. Yi bayani da Hausa, a yi atisaye da Turanci.

Samarin nan huɗu bukatarsu ta bambanta, don jarrabawa ce a gabansu kuma sai da kiredit, wato C6 ko sama, ake maganar jami'a. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema, kuma ana duba abin da aka faɗa, da tsarinsa, da ingancin jimloli, da kurakuran rubutu. Su rubuta ɗaya duk mako cikin minti hamsin. In za ka duba kada ka gyara musu. Ja layi kawai ka sa alama a gefe, L don lokaci, H don harafi, su nemo gyaran da kansu su sake kwafa. Wanda aka gyara wa komai jan biro kawai yake gani. A ɓangaren taƙaitawa abin da yake kayar da yawancin ɗalibai shi ne kwaso jimlar marubuci ɗungurungum. Su karanta sakin layi, su kife takardar, su faɗi abin da ya ƙunsa da Hausa cikin jimla ɗaya, sannan su mayar da ita Turanci cikakkiyar jimla. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani, amma a bar su sai saura wata uku, kuma duk amsar da aka faɗi a bi dalilinta. Masu niyyar JAMB su sani Turanci tambaya 60 ne, sauran darussa 40 kowanne, don haka saurin karatu ma maki ne.

Awa ɗaya tsakanin la'asar da magariba za ka iya kasa ta haka: minti goma na gwangwani, biyu-biyu suna tambayar juna, minti ashirin karatu, sha biyar teburin nahawu, sha biyar rubutu. Lokacin da kake tare da rukuni ɗaya, sa ɗaya daga cikin samarin ya karanta wa ƙanana labari, su riƙa karɓa-karɓa, don shi ma furucinsa yake gyarawa. Idan damina ta kankama aka koma gona, kada ka rufe darasin gaba ɗaya. Rage shi zuwa kwana biyu a mako, Alhamis da Juma'a ko duk ranakun da suka fi sauƙi a garinku, katunan gwangwanin farko kuma a ɗaure su da roba su tafi gona a aljihu.