Oga ya ce in raba unguwa gida uku a taswirar zaɓe, albashina halal ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina zaune a Amurka, aikina zanen taswira a kwamfuta. Kamfaninmu ya samu kwangila daga jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar jiharmu za a sake yanka mazaɓu, sai oga ya miƙo min bayanan yadda kowace unguwa take zaɓe, ya ce wata unguwa da ba ta yin su in raba ta gida uku. Doka ba ta hana ba, kuma wani ustaz ya ce min ba komai. Ni ke riƙe da mahaifiyata a gida.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Yanka mazaɓu shi kansa halal ne, dama bayan ƙidayar da suke yi duk shekara 10 dole wani ya zauna ya daidaita yawan jama'a. Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne wannan unguwar. Ba don mutane sun yi yawa za a raba ta ba, an duba wa suke zaɓa ne, a yayyanka su a zuba kowane yanki cikin mazaɓar da za su zama tsiraru, su fito su yi layi su kaɗa ƙuri'a alhali an gama lissafin tun a ofis. Wannan tauye mudu ne, kuma kai aka ba mudun. Bai halatta ka ja wannan layin ba.

Batun doka kuwa, a 2019 kotun ƙolinsu cewa ta yi kotunan tarayya ba su da hurumin shiga irin wannan rigima, ba ta ce adalci ba ne. Ƙararrakin ma biyu ne, na jihar North Carolina inda 'yan jam'iyyar Republican suka zana taswirar da ta ba su kujera 10 cikin 13 na jihar a majalisar wakilan tarayya, da na jihar Maryland inda 'yan jam'iyyar Democrat suka yi nasu, kaga kenan kowa ya samu wuƙa yankawa yake.

Sai maganar ustaz ɗinka. Na san hujjar, na sha jin ta: wai ƙasar ba ta Musulmi ba ce, tsarin ba namu ba ne, kuma yaƙi ɗan zamba ne. To wane yaƙi kake yi da su? Biza ka nema suka ba ka, ka shiga da amana, kana zaune da maƙwabta lafiya. Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa mushrikai ya kwashe dukiyarsu, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa amma ya ce babu ruwansa da dukiyar. Huzaifa da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, ranar Badar guda, ana neman mutum ɗaya ido rufe, Annabi (SAW) ya ce su koma su cika alkawari. In a Badar ba a yarda ba ina ga rigimar kujera? Kuma kar ya ce maka ai ɗaya ɓangaren ma suna yi, wai 'yan Republican na jihar Texas sun yi a 2025, 'yan Democrat na jihar California suka rama. Hadisi ya ce kar ka ha'inci wanda ya ha'ince ka, balle su mutanen unguwar nan da ba su yi maka komai ba, ƙila ma akwai masallaci a ciki ba ka sani ba.

Amma kar ka yi zuciya ka ajiye aiki gobe da safe, akwai Hajiya. Ka samu oga cikin ladabi ka ce a mayar da kai wani ɓangaren, sauran albashinka na aikin halal halal ne. In ya ƙi sai ka fara neman wani wuri a hankali. Kar kuma ka kwashi takardun kamfani ka watsa a intanet da sunan jihadi, su ma amana ce, amma in kotu ta kira ka shaida faɗi gaskiya yadda take. Ustaz ɗin nan kuma kar ka je ka yi masa tsiya a guruf ɗin WhatsApp, ka same shi shi kaɗai. A gaida Hajiya. Wallahu a'alam.