Me Musulmi zai ci a titunan Phnom Penh?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya cin abincin bakin titi a babban birnin Kambodiya. Za ka iya, amma ka yi hattara: wani karin kumallo da mutanen garin ke yawan ci, bai sach chrouk, shinkafa ce da gasasshen naman alade.

Ni dai shawarata, ka fito da sassafe ka nemi matan da ke tallar num banh chok, kwanduna biyu rataye a sanda bisa kafaɗa. Taliyar shinkafa ce, a zuba mata miyar kifi, a barbaɗa ɗanyen ganye. Nama kuwa, ka je wurin Musulmin ƙabilar Cham kusa da masallacin Al-Serkal. Ka riƙe canjin riel, kuɗin ƙasar; dala ɗaya wajen riel 4,000 ce.