Yaya ake sa zanen hannu ya motsa a fim ɗin katun?

Tambaya: Ina koyon zane, kuma ina son in san yadda ake haɗa katun irin na dā. Da gaske ne kowane motsi sai an zana shi da hannu? Daga ina ake farawa?

Amsa: Da gaske ne, sai dai akwai aiki kafin a kai ga motsi. Ana fara jera labarin fage-fage a ƙananan zanuka, shi ne allon labari, sannan a naɗi muryoyi, domin a kan sauti ake auna buɗe baki da rufe shi. Akwai kuma takardar lissafin lokaci, inda ake rubuta zanen da zai faɗo a kowane firem, wato hoto ɗaya daga jerin hotunan da suke haɗuwa su zama fim.

Fim yana tafiya da firem 24 a daƙiƙa. Galibi ana ɗaukar kowane zane sau biyu, sai zane 12 ya ishi daƙiƙa, 720 ke nan a minti. Motsi mai sauri ne kan buƙaci sabon zane a kowane firem.

Babban mai zane ginshiƙan motsi yake yi. A ce yaro zai yi tsalle: durƙusawa, ƙololuwar tashi, dirowa. Mataimaka ne ke cike gurbin da ke tsakani, a kan teburin da fitila ke haskowa ta ƙasa, takardun kuma an huda su an saƙala a turaku don kada su goce. A ganina nan gwaninta take. Zanukan da suka matsu kusa da juna suna ba da motsi a hankali, masu tazara kuma sauri. Saboda haka a ƙololuwar tsalle ake matse su, wajen faɗowa a buɗa. Mai koyo yakan raba tazarar daidai wa daida, sai yaron ya tashi ya sauka kamar ba shi da nauyi, komai kyan fuskarsa.

Daga nan a yi gwajin fensir, a ɗauki zanukan a kalla, a gyara, a tsaftace layi. Sai a kwafe su a kan sel, wata roba mai garai-garai da wani mai zanen katun, Earl Hurd, ya yi wa dabarar amfani da ita rajista a Amurka a 1914: tawada a gaba, fenti ta baya. Amfaninta, sau ɗaya ake zana shimfiɗar fage, wato hoton wurin da ke bayan masu motsi, a riƙa ɗora sel a kai ana ɗauka da kyamara. Wannan matakin ne kwamfuta ta karɓe a kamfanin Disney tun 1990.

Kai kuwa, fara da ƙwallo mai tsalle a zane 12, ka riƙa sauya tazarar kana kallon bambancin.