Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan salon aikin Ken Loach

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: kana shirin ɗaukar fim ɗinka na farko, ba ka da kuɗin manyan jarumai, an kuma ba ka labarin wani darakta ɗan Ingila, Ken Loach, mai aiki da mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, shi ne kake son sanin ko za ka iya bin sahunsa. Za ka iya, amma kada ka shiga da tunanin rage kashe kuɗi. Na gwada, na ga abin da ke ciki.

An haifi Loach a 1936 a garin Nuneaton. Shari'a ya karanta a Oxford, daga baya ya shiga talabijin na BBC. Ya sha faɗin cewa fim ɗin Italiya na 1948, Bicycle Thieves, shi ya nuna masa cewa rayuwar talaka ta isa a yi mata fim, kuma wanda ya fito a matsayin uban nan da aka sace wa keke ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Da Loach ya zo yin fim ɗinsa Kes, wanda ya fito a 1969, a cikin 'yan makarantar Barnsley, garin masu haƙar kwal, ya zaɓo yaron da ya ja fim ɗin, David Bradley, ya bar yaran suna magana da karin harshen garinsu yadda suka saba.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne tsarin ɗaukar. Loach yana ɗaukar fim bi da bi, yadda labarin ya zo, daga fitowar farko zuwa ta ƙarshe. Ba ya miƙa wa ɗan wasa labarin gaba ɗaya, shafin da ake bukata kawai zai ba shi, wani lokacin ma ya ɓoye masa abin da zai faru. Kyamara kuma tana can nesa, ba a cusa ta a fuskar mutum, ba a cika wurin da fitilu. Ga marubuci ɗaya, Paul Laverty, da ya rubuta masa mafi yawan fina-finansa daga 1996. Da wannan salon ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa sau biyu, a 2006 da 2016.

Ni gajeren fim na yi, kan matar da mijinta ya tafi cirani ya daina aiko da saƙo. Wata baiwar Allah mai tuyar awara a unguwarmu na nema, bayan na sami iznin maigidanta, na kuma yi alkawarin biyan ta cinikin duk ranar da ba ta fita ba. Ranar farko na ba ta takarda ta haddace. Ta haddace tsaf, amma da ta buɗe baki sai ka ce karatun sanarwa take yi. Washegari na karɓe takardar, na faɗa mata halin da take ciki kawai, muka mayar da kyamara bakin zaure, ita tana tsakar gida tana wanke kasko. Yaron da ya fito a ɗanta ya shigo ya ce an ga babansu a tasha da wata mata. Ba ta san zai faɗi haka ba. Ba ta yi kuka ba, hannunta ne ya tsaya cik cikin ruwan, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Har yau ban ɗauki abin da ya kai wannan ba.

To amma ga tsadar. Mu nan mun saba idan an shiga lokeshan a gama duk abin da ya shafi gidan a yini ɗaya, domin jarumi yana da wani aikin gobe. Ni sau huɗu na koma gida ɗaya, kowane zuwa da kuɗin mota, da man janareta, da abincin ma'aikata, da ɗan abin da za a ba masu gida. Aikin kwana uku ya ci kwana bakwai.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a wajen Loach. A Kes, dukan da shugaban makaranta ya yi wa yaran a tafin hannu na gaske ne, ba su kuma zata za a dake su da gaske ba. Hawayen sun fito da kyau a hoto, amma ni ba zan yi wa ɗan wani haka ba, kai ma kada ka yi. Ɓoye labari daban, cutar da mutum daban. Ita ma mai awarar, da muka tsayar da kyamara sai da na zauna na ba ta haƙuri, na tambaye ta ko ta amince a bar wurin a fim ɗin.

Shawarata, ka fara da fim na minti goma, a gida ɗaya ko biyu. Ka ba neman mutanen wata guda cur, ka zauna da su, ka ji yadda suke magana, sannan ka gyara rubutunka ya dace da bakinsu. Allah ya taimaka.