Me Ya Sa Reshen Fulumeriya Ke Ruɓewa Kafin Ya Yi Saiwa?

Tambaya: Na yanko reshen fulumeriya (wata bishiyar ado mai furanni masu ƙamshi), na dasa shi a tukunya a ranar, ina kuma ba shi ruwa safe da yamma. Bayan mako uku sai gindinsa ya yi baƙi, ya yi taushi. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi idan zan sake gwadawa?

Amsa: Malam, gaggawar dasawa da yawan ruwa ne suka kashe reshen nan. Fulumeriya, wadda asalinta ƙasar Meziko ce da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, tana tara ruwa a cikin rassanta masu kauri, saboda haka reshen da aka yanko yana iya yin makonni bai sha ko ɗigo ba. Abin da ba ya jurewa shi ne a binne ɗanyen rauni a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga tun saiwa ba ta fito ba.

Idan za ka sake, ka zaɓi reshen da ya ƙosa, wanda bawonsa ya koma ruwan toka, mai tsawon santimita 30 zuwa 45, ka yanke shi da wuƙa mai kaifi da tsabta, sannan ka cire ganyayensa. Ka yi hattara da farin ruwan da ke tsatsowa kamar madara, yana sa ƙaiƙayi a fata, a ido kuwa ya fi muni. Daga nan sai ka jingine reshen a inuwa, inda iska ke ratsawa, na mako ɗaya zuwa biyu, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Wannan jiran ne mutane suka fi tsallakewa, wataƙila don ganin reshe a yashe yana sa mutum ya ɗauka mutuwa yake yi, alhali warkewa yake yi.

Tukunyar ta kasance mai huda a ƙasa, ƙasar kuma a gauraya ta da yashi mai tsakuwa sosai yadda ruwa zai wuce nan take. Ka binne kimanin santimita 8 kawai, ka tokare shi da sanda don kada ya riƙa motsi, domin sababbin saiwoyinsa suna saurin karyewa. Ka ba shi ruwa sau ɗaya, ka ajiye shi a wuri mai ɗumi da haske, kada ka ƙara sai ka ga ganyaye biyu ko uku sun buɗe, wanda yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas. Kada kuma ka tumɓuko shi don duba saiwa.

Bayan ya kafu yana bukatar rana ta aƙalla awa shida kullum kafin ya yi fure, kuma yawanci furen farko yakan zo cikin shekara ɗaya zuwa uku, da launi iri ɗaya da na uwar bishiyar. Idan kana da zaɓi, ka fara da mai farin fure ko rawaya, domin mai ja wur ya fi wuyar kamawa.