Ɗana ba ya shiga gida sai ƙarfe ɗayan dare

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Ɗan farina shekararsa 16, bana zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji. Tun bayan damina ya shiga wata fada, wato majalisar hirar samari, a bayan layinmu. Da an sallame Isha'i sai ya sulale, ba ya dawowa sai sha biyu, wani lokaci ɗaya. Babansa ɗan kasuwa ne, yana bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, sai ya yi mako ba ya gida. Na kafa doka cewa ƙarfe 10 zan sa sakata, wanda ke waje ya kwana can. Daren farko ya buga ƙofa na ƙi buɗewa. Yanzu ya daina bugawa ma, sai da safe in gan shi ido jajur, ya ce a shagon abokinsa ya kwana. Ga ƙanwarsa mai shekara 14 ta fara tambayata me ya sa ita dole ta shigo kafin Magariba, shi kuwa yana yawo. Gwaggo, ba na iya barci. In buɗe ƙofar ya raina ni, ko in ci gaba da rufewa?

Wata uwa, Maradi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya shirya mana zuri'a.

Ki zare sakatar nan tun daren yau. Daren kike tsorar masa, sai ga shi dokarki ta miƙa shi ga daren gaba ɗaya. Da can kin san zai dawo ƙarfe ɗaya, yanzu ba ki san inda yake sa haƙarƙarinsa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dokar tana nan, hukuncin ne za ki sauya: in ya saɓa lokaci, ki karɓe waya ko ki hana kuɗin kashewa, amma a ɗakinsa zai kwana.

Fada kuwa ba sabon abu ba ce a Maradi, kuma ba kowace ce ɓatacciya ba. Akwai wadda tabarma ce da butar shayi a kan gawayi da gardamar ƙwallo. Akwai kuma wadda ake jefa tramol cikin shayin. Wannan ƙwayar maganin ciwo ce mai sa maye, tana kama jiki, kuma in aka yawaita ta tana jawo farfaɗiya. Jan ido kaɗai ba shaida ba ne, rashin barci ma na sa shi, don haka kada ki yi masa ƙazafi. Ki dai lura: gyangyaɗi da rana tsaka, ƙin abinci, saurin fushi, kuɗi na ɓacewa a ɗaki. In kin ga haka, likita za ku je, duka ba ya cire ta. Abu na biyu da nake tsoro shi ne babur. Yara uku kan moto ɗaya, ba hular kwano, titi ya yi fili cikin dare, kowa na son nuna gwaninta.

Ke ba za ki je fadar ba, zai ji kin tozarta shi gaban sa'o'insa. Ki tura kawunsa ko baffansa ya zauna ya sha kofi ɗaya da su, ya ga su wa ke wurin da kuma babbansu. Shagon da yake kwana ma a gano na wa ne.

Sannan ki zaunar da shi da rana, lokacin da ran kowa ke kwance, ki kira babansa a waya ya ji da kunnensa, domin doka ta fito daga bakinku ku biyu. Yaro mai shekarunsa na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya shigo ƙarfe ɗaya, ya tashi Asuba, me zai ɗauka a aji? Ni dai da tara da rabi zan sa a ranakun lakkwal, sha ɗaya daren Asabar. Ki bar shi ya yi ciniki kaɗan, abin da ya sa baki a ciki ya fi riƙewa. Ya riƙa faɗin inda za shi, wayarsa a kunne. Ki kuma yi masa alkawarin cewa in dare ya ritsa da shi ko ya shiga wata matsala, ya kira ki kowane lokaci, faɗa sai da safe.

Ƙanwarsa tana da gaskiya, kada ki kwaɓe ta. Ki faɗa mata yayanta ma an yanka masa lokaci, ki bari ta ga ana aiki da shi.